Gidan Haya Da Sunan Kamfani: Nawa Ne Inshorarsa, Kuma Sunan Wa Za A Rubuta?

Jawabin da sakataren ƙungiya ya gabatar a taron masu gidajen haya na wata-wata, Sabo, Ibadan

 

A taron da ya gabata an ɗora wa ofishin sakatare nauyin ya binciko amsar wata tambaya da mutum uku suka yi a rana ɗaya. Tambayar ita ce, in mutum ya mayar da gidansa na haya da sunan kamfani, shin kuɗin inshora zai ragu ne ko zai ƙaru? Wani ma cewa ya yi an gaya masa in gida na kamfani ne ba ya bukatar inshora sam, domin wai kamfanin ya riga ya zama garkuwa. To mun zauna da lauya, mun zauna da dillalin inshora mai rajista, mun kuma karanta takardun da wasu daga cikinku suka amince suka ba mu. Abin da muka samo shi za mu karanto muku, sannan a buga shi a takardar ƙungiya saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.

Kafin komai, mu tuna cewa sashe na 43 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin ya mallaki gida ko fili a ko'ina cikin ƙasar nan. Kakanninmu sun zauna a Sabon nan tun 1916, kuma gidajen da muka gina a Ojoo da Shasha da Akinyele da guminmu muka gina su. Amma 'yancin mallaka daban, abin da zai mayar maka da gini in ya ƙone daban. Tsarin mulki ba ya sayen siminti.

Me ake nufi da kamfani? A nan ne da yawanmu muke ruɗewa. Rajista iri biyu ce mutanenmu suka fi yi a hukumar CAC. Akwai rajistar sunan kasuwanci, wadda lambarta ke farawa da BN, irin ta "wane da 'ya'yansa". Wannan a idon doka kai ne ita, ita ce kai, bashinta bashinka ne. Akwai kuma kamfani sosai, wanda lambarsa ke farawa da RC, kuma sunansa ke ƙarewa da Limited. Wannan shi doka ta ɗauka a matsayin mutum mai zaman kansa. Yana saye, yana sayarwa, yana cin bashi, ana kai shi kotu, shi ma yana kai wani. Tun da aka yi sabuwar dokar kamfanoni a 2020, mutum ɗaya tak ma yana iya buɗe ƙaramin kamfani irin wannan, shi ne mai hannun jari, shi ne darakta. Shi ya sa abin ya yawaita a tsakaninmu. Wani banki ne ya nemi haka kafin ya ba shi rance, wani yana gudun kada magada su yayyanka gidan bayan ransa, wani kuma 'yan'uwa ne suka haɗa kuɗi suka saya tare. Duk dalilai ne masu kyau, ba mu ga laifin kowa ba.

Sai dai ranar da ka sa hannu gidan ya koma sunan kamfani, daga ranar gidan ba naka ba ne. Abin da ka mallaka shi ne hannun jari a kamfanin. Mun san maganar tana da nauyi a kunne, mutum ya ce ni na ɗauki bulo da kaina, ni na biya magini, yaya za a ce ba gidana ba ne? Haka dokar take. Kuma ƙa'idar inshora ita ce ba ka yi wa abin da ba naka ba inshora da sunanka.

Akwai wata tsohuwar shari'a da lauyan ya ba mu labarinta, wadda har yau ɗaliban lauya a ƙasar nan suke karantawa. Wani mutum mai suna Macaura yana da katako mai yawa a gonarsa a ƙasar Ayalan. Sai ya buɗe kamfani, ya sayar wa kamfanin katakon, aka biya shi da hannun jari, wato kusan kamfanin duka nasa ne. Daga baya ya yi wa katakon inshorar gobara, amma da sunansa shi kansa. Wuta ta tashi ta cinye katakon. Maganar ta kai har kotun ƙoli ta Ingila ta wancan zamani, kuma a 1925 aka yanke cewa ba a biyansa ko kwabo, domin katakon na kamfani ne, shi kuwa ba kamfanin ya yi wa inshora ba.

Kada a ce wannan labarin Turawa ne na shekara ɗari. Irinsa ya faru da wani ɗan ƙungiyar nan, wanda ba za mu ambaci sunansa ba, ya kuma yarda a faɗa don wasu su amfana. Yana da gida mai ɗaki goma da shago biyu a gaba. Shekara da shekaru yana biyan inshora da sunansa, bai taɓa fashi ba. Da zai karɓi rance sai ya mayar da gidan sunan kamfaninsa. Wakilin da ke zuwa karɓar kuɗin inshora duk shekara bai tambaye shi ko wani abu ya canza ba, shi ma bai ga dalilin faɗa ba. Wata rana da dare aka kawo wuta da ƙarfi, waya ta kama, ɗaki huɗu suka tafi har da kwano. Da mai kimanta ɓarna ya zo, abin da ya fara nema shi ne takardar mallaka. Ya duba sunan da ke kanta, ya duba sunan da ke kan takardar inshora, ya ga ba ɗaya ba ne. Mun yi zirga-zirga tare da shi ta fi ta wata bakwai. Abin da aka ba shi a ƙarshe ɗan wani abu ne na jin ƙai, wanda bai isa ya sayi kwanon ba, aka kuma rubuta masa cewa ba hakkinsa ba ne, alfarma ce. 'Yan hayan nan huɗu da iyalansu sai raba su muka yi a gidajen jama'a.

Saboda haka abu na farko ba nawa ba ne, da sunan wa ne. Sunan da ke kan takardar mallakar gida, shi za a rubuta a takardar inshora, harafi da harafi. In akwai banki a ciki, a sa sunansa a matsayin mai hakki. Akasin haka ma yana faruwa. Mutum ya buɗe kamfani, ya buga rasit na haya da sunan kamfani, ya yi inshora da sunan kamfani, alhali kuwa takardar fili tana nan da sunan mahaifinsa da ya rasu. Buɗe kamfani ba ya mayar da gida na kamfani. Sai an rubuta takardar miƙa mallaka, an nemi amincewar gwamna kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada, an biya kuɗin hatimi, an yi rajista a ofishin filaye. Wanda bai yi wannan ba, gidansa yana nan da sunan da yake.

Yanzu mu zo kan kuɗi. Amsar tambayar a taƙaice ita ce, kalmar Limited ba ta rage maka komai, kuma ita kaɗai ba ta ƙara maka wani abin kirki. Wuta ba ta karanta allon da ke ƙofar gida. Kamfanin inshora yana duba abu biyu ne: nawa za a kashe a sake gina gidan, da kuma yadda haɗarin gidan yake. Sai ya yanka wani kaso cikin ɗari na kuɗin ginin, shi ne abin da za ka biya a shekara.

Mu yi misali, amma a riƙe cewa misali ne don lissafi, ba farashin kasuwa ba. Mu ƙaddara gida mai ɗaki 12 wanda sake gina shi zai ci naira miliyan 40. In aka yanka kwabo 30 a kan kowace naira 100, kuɗin shekara ya kama ₦120,000, wato ₦10,000 a kan kowane ɗaki. In kuma aka ga gidan yana da haɗari aka yanka kwabo 50, ya zama ₦200,000. Bambancin nan na ₦80,000 ba sunan mai gida ne ya kawo shi ba. Abin da ke kawo shi shi ne irin ginin, bulo ne ko katako da langa-langa, tsufan wayoyin lantarki, kusancin gidan da kasuwa ko gidan mai ko rafi, da kuma abin da ake yi a cikinsa. Gidan da iyali kawai ke kwana ba ɗaya yake da gidan da ake sayar da gas a shagon gabansa ba, ko wanda ake tara jarkokin fetur, ko buhunan gawayi, ko katifu.

A nan muna roƙon jama'a da a faɗi gaskiya a takardar da ake cikewa. Mun san halinmu, ana tambayarka ko akwai shago sai ka ce a'a don kuɗin ya sauko. Araha ba ta ado. Ranar da wuta ta tashi daga shagon da ka ce babu, takardar ta tashi a banza, kuma kuɗin da ka yi ta biya ya tafi. Haka nan in ɗan haya ya canza sana'a a tsakiyar shekara, tela ya tashi mai walda ya shiga, a sanar da kamfanin inshora a rubuce. In gidan zai daɗe babu kowa ciki, shi ma a sanar, domin takardu da yawa suna da sharaɗi a kan haka.

Wurin da muka ga mutanenmu sun fi cutar kansu shi ne wajen faɗin darajar gida. Abin da ake yi wa inshora shi ne kuɗin sake gini a yau, ban da kuɗin fili, tunda fili ba ya ƙonewa. A 2020 buhun siminti yana wajen ₦2,500. A farkon 2024 ya haura ₦10,000. Rodi da kwano da katako duk haka suka bi. Amma a takardun da muka duba akwai waɗanda adadin da ke jiki bai motsa ba tun kafin korona. Mai gida yana murna kuɗin inshorarsa bai ƙaru ba, bai san rabin gida yake biya wa ba. Ga yadda ake lissafin. Gidan da sake gina shi zai ci miliyan 40, ka rubuta miliyan 20. Gobara ta yi ɓarnar miliyan 10. Kai kana ganin ai miliyan 10 ba ta kai 20 ba, za a biya ka duka. Ba haka ba ne. Za a ce rabin darajar gidan ka yi wa inshora, don haka rabin ɓarnar za a biya, miliyan 5. A cikin wannan ma sai an cire wani ɗan kaso na farko da takardar ta ce mai gida ne zai ɗauka da kansa. Shawararmu ita ce duk shekara kafin a sabunta, a sa wanda ya san kuɗin gini ya kimanta gidan. In gidan babba ne a nemi ƙwararre mai lasisi ya rubuta.

Sai maganar da ta fi shafarmu mu mazauna, wato tarzoma. Ba sai mun tuna wa kowa abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 ba, akwai waɗanda ke zaune a nan da suka kwana a waje a lokacin. 'Yan'uwanmu na Shagamu sun ga nasu a 1999, na Idi-Araba a Legas a 2002, na Mile 12 a 2016. Inshorar gobara zalla ba ta biyan wutar da aka cinna a lokacin rikici. Sai an faɗaɗa takardar ta haɗa da tarzoma da ɓarnar ganganci, kuma wannan yana da nasa kuɗi. Tun bayan ɓarnar da ta biyo zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020, kamfanonin inshora sun ƙara sa ido a kan wannan sashe. Ko an faɗaɗa ɗin ma, akan cire yaƙi da ta'addanci da tawaye. Saboda haka kada a yarda da maganar baki cewa "komai yana ciki". A ce wa wakili ya nuna layin da aka rubuta tarzoma, ya kuma nuna layin abubuwan da aka cire. Mu da muka koyi boko da furfurarmu a ajin yaƙi da jahilci mun san wahalar ƙananan rubutun nan na bayan takarda, amma a cikinsu hakkin yake. A ganinmu, in kuɗi bai isa a sayi komai ba, wannan sashen shi ne na ƙarshe da mai gida a unguwanninmu zai yarda ya bari.

Ambaliya ita ma haka take, sai an sa ta. Dattawa sun tuna abin da rafin Ogunpa ya yi a 1980, mu duka kuma mun ga ruwan Agustan 2011. Wanda gidansa ke gangare ya san kansa.

Akwai kuma asarar kuɗin haya. Gida in ya ƙone, ba ginin kawai aka rasa ba. Wata shida ko shekara ana gyara babu abin da ke shigowa, waɗanda suka biya na shekara kuma suna jiran a mayar musu da ragowarsu. Ana iya ƙara wannan a takarda da kuɗi kaɗan. Ga gidan da marayu ko gwauruwa ke ci daga hayarsa, muna ganin ya cancanta.

Yanzu ga wanda aka gaya wa kamfani garkuwa ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. In bene ya rufta ya ji wa ɗan haya rauni, Allah ya kiyaye, kamfanin za a kai ƙara, kuma a bisa ƙa'ida ba za a taɓa motarka ko gidan da kake kwana ba. To amma mene ne dukiyar kamfanin? Gidan hayar nan ne. Shi za a sayar a biya diyya. In gida uku ka zuba a kamfani ɗaya, ukun duka suna cikin hatsarin abin da ya faru a ɗaya. Kuma in ka sa hannu da kanka ka tsaya wa kamfanin a banki, garkuwar ba ta hana bankin zuwa ƙofarka.

Bugu da ƙari, wannan ba ma zaɓi ba ne. Dokar inshora ta 2003 ta sa gidan da 'yan haya ke zaune a cikin jerin gine-ginen da dole a yi musu inshora, saboda ruftawa da gobara da guguwa da ambaliya, domin a samu abin biyan wanda ya ji rauni, ko ya rasa ransa, ko dukiyarsa. Sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2025 ta maye gurbin waccan, ta bar wannan wajibci, ta kuma ƙara tsananta hukunci. Cewa ba a taɓa zuwa an tambaye mu ba, ba ya nufin dokar ba ta nan. Ku kuma 'yan haya, wannan hakkinku ne, kuna iya tambayar mai gida cikin ladabi ko ya yi. Amma ku sani inshorar ginin mai gida ba ta biyan katifarku da keken ɗinkinku da kayan shagonku in wuta ta tashi ba da laifinsa ba. Wannan ku za ku yi wa kanku.

Inda kamfani yake ƙara kashe kuɗi da gaske ba a takardar inshora ba ne, a gefenta ne. Akwai kuɗin mayar da mallaka da muka ambata, wanda yake da nauyi, amma sau ɗaya ne. Akwai rahoton shekara-shekara da ake kai wa CAC, wanda in an yi sakaci tara ke taruwa, har a iya goge sunan kamfanin daga rajista. Akwai akanta, akwai takardun haraji. Kamfanin inshora ma zai nemi satifiket na rajista da lambar haraji da shaidar daraktoci. Ta ɗaya ɓangaren, kuɗin inshorar da kamfani ya biya yana shiga cikin abin da ya kashe wajen gudanar da harkarsa, kuma mai gidaje da yawa yana iya haɗa su a takarda ɗaya ya nemi ragi. Mai gida ɗaya mai ɗaki shida ya zauna ya yi lissafi sosai kafin ya shiga wannan hidima.

Mun san wasu suna da damuwa ta addini game da inshora, kuma ba mu ne za mu yi fatawa ba, ga malamai nan zaune. Abin da za mu iya faɗa shi ne, hukumar NAICOM mai kula da inshora ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, kuma a 2016 aka ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi. A tsarin takaful gudummawa ake zubawa a asusu ɗaya na taimakon juna, in an biya waɗanda asara ta samu kuma aka yi rara, ana raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Kamfani yana iya shiga kamar yadda mutum yake shiga. Sai dai duk abin da muka faɗa a kan suna da darajar gida da faɗin gaskiya, a can ma haka yake.

Saura biya. Doka ta ce in ba a biya ba, babu inshora. Ba a yi bashi, ba a cewa sai 'yan haya sun kawo. Takardar wata 12 take yi, kuma in ta ƙare ranar Talata wuta ta tashi ranar Laraba, shi ke nan. A biya daga asusun kamfani zuwa asusun kamfanin inshora ko na dillali mai rajista, kada a tura wa wani a asusunsa na kansa, kuma a karɓi rasit da cikakkiyar takarda, ba guntun satifiket kawai ba. Kafin a biya a tabbatar kamfanin yana cikin waɗanda NAICOM ta ba lasisi. In an samu saɓani a kan diyya, hukumar tana karɓar koke.

Iyayenmu masu kamfani na mutum ɗaya, muna da roƙo a gare ku. In kai kaɗai ne darakta, kai kaɗai ke sa hannu a banki, kai kaɗai ka san ranar da inshora ke ƙarewa, to ranar da ka kwanta ciwo ko ta Allah ta kasance, asusun zai tsaya har sai an gama takardun gado, kuma wannan yakan ɗauki watanni. A cikin watannin nan gidan yana zaune babu inshora, iyali ba su ma sani ba. A sa mutum na biyu, ɗa ko ƙane ko uwargida, wanda zai iya sa hannu. A ajiye kwafin takardu a wani gida daban, kada su ƙone tare da abin da suke karewa. A ɗauki hoton gidan ciki da waje a waya.

Ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar ofishin ƙungiya zai kasance a buɗe. Kowane mai gidan haya ya zo da takarda uku: ta mallakar gida, satifiket ɗin CAC in yana da shi, da takardar inshora in ya taɓa yi. Za mu jera su a kan tebur mu duba sunayen da lambar, ko BN ce ko RC, da ranar ƙarewa. Lauyan ya yi alkawarin zai zauna da mu awa biyu ba tare da an biya shi ba. Iyayenmu mata da ke riƙe da gidajen marayu su za a fara gani, kuma wadda ba ta iya fitowa ta aiko a je a karɓo takardun.